"Butted" a firam ɗin keke: na tsaya a kan "mai kaurin baki"

Jama'a, masu keke da masu walda, ku matso kusa. Kalmar da nake nema wa Hausa ita ce "butted", sunan da Turawa ke ba wani irin bututun ƙarfe da ake haɗa firam ɗin keke da shi.

Turawa "butted tube" suke cewa, amma mu fara cire "tub" daga lissafi. Ka ce wa mai gyaran keke tub, robar cikin taya zai miƙo maka. Bututu shi ne daidai.

In ka dube shi daga waje, faɗinsa ɗaya ne tun daga wannan baki har wancan. Sai an tsaga shi biyu ake ganin dabarar: bangon yana da kauri a bakuna, a tsakiya kuma an rage shi. Misali milimita 0.9 a baki, 0.6 a tsakiya, 0.9 a ɗaya bakin. A baki ake walda ko liƙi da tagulla, nan wuta ke cin ƙarfe, nan kuma wahalar hanya ke taruwa. Tsakiya ba ta shan wannan wuya, shi ya sa aka sauke mata ƙarfen da ba ta bukata. Kamfanin Reynolds na Birmingham a Ingila ne ya yi rajistar fasahar a 1897, sannan a 1935 ya fito da bututunsa 531, wanda kekunan tsere suka daɗe suna amfani da shi.

Wani ɗan'uwa ya kawo "bututu mai ƙarfi". Ban yarda ba, domin zai ɓatar da mai saye. Ƙarfe mai tsada da mai araha, in faɗinsu da kaurinsu ɗaya, kusan lanƙwasa ɗaya suke yi a ƙarƙashin nauyi. Amfanin mai tsadar shi ne yana jure a sirantar da bangonsa bai karye ba. Wannan sirantar ce ke rage nauyi, ta sa firam ya ɗan ba da kai ya dawo idan ka taka feda. Tauri kuwa faɗi ne ke kawo shi: ka tashi daga milimita 25.4 zuwa 28.6 da bango iri ɗaya, taurin ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100.

An kuma ce "mai siririn ciki". Ya yi kusa, sai dai mai ji zai ɗauka ramin ne ya tsuke, alhali a tsakiya ramin ya fi faɗi.

Saboda haka na tsaya a kan "bututu mai kaurin baki". Yana nuna inda ƙarfen yake, kuma yana karɓar ƙidaya: mai kaurin baki ɗaya, mai kaurin baki biyu. Wanda bangonsa bai canza ba, irin na tsofaffin kekunan Raleigh da Phoenix da ake labta wa buhun masara, mu ce masa "mai kauri bai ɗaya". Kada a raina shi. Bango mai 0.6 faɗuwa ɗaya kan dutse na iya lotsa shi, shi kuwa wancan sai dai fenti ya goge.

Saura nau'in da bakunansa biyu suka bambanta da juna, kamar 0.9 da 0.6 da 0.8. Ni "mai kauri uku" nake ce masa. Malamai masu walda, in kuna da sunan da kuka saba kiransa a shago, ku kawo mu ji.