Haruffa masu lanƙwasa suna lalacewa a wayoyin ɗalibaina

Assalamu alaikum. Ina koyar da Hausa a aji biyar na sakandare, kuma zangon nan muka fara tura wa ɗalibai darussa ta Google Classroom. Darussan nawa, fayil 46, tun 2012 na buga su a Word da tsohon salon rubutun nan na Hausa da ake saka wa kwamfuta. A kwamfutata lafiya lau suke fitowa. A wayar ɗalibi kuwa "ƙasa" sai ta koma "}asa", "ɗaya" ta koma "]aya", "ɓera" ta koma "~era". Jiya wata yarinya ta ɗaga hannu tana tambaya ko sabuwar ƙa'idar rubutu ce, aji ya kwashe da dariya.

Na mayar da su PDF, sun fito daidai, amma da na kwafi tambayoyi zuwa Google Forms don gwaji sai ɓarnar ta dawo. Na gwada Find and Replace, na musanya ] da ɗ. Nan ne aka yi ɓatan ɓakatantan: darussan ilimin furuci cike suke da baka mai kusurwa, sai [b] ta koma [bɗ a fayil guda gaba ɗaya. Sake bugawa da hannu ba zai yiwu ba, jarrabawa saura mako uku.

Don Allah, akwai hanyar da zan mayar da fayilolin nan duka zuwa Unicode, wato tsarin haruffan da waya da kwamfuta duk suke ganewa, lokaci guda ba tare da bakan furucin sun lalace ba?