Na'urar ɗumama gida ta haya a Kanada: maigida ya rasu, kamfani ya ƙi yarda a raba gari

Ɗan Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san zaman Kanada, da kuma ta malamanmu, a kan wata matsala da ta taso wa yayata wadda take zaune kusa da birnin Toronto, a lardin Ontariyo. Allah ya yi wa maigidanta rasuwa, yanzu haka tana cikin takaba, kuma shawarar da dangi suka yanke ita ce idan ta fita a sayar da gidan, ta dawo Kumasi da 'ya'yanta.

Da dillalin gidaje ya zo duba gidan, sai ya tambaye ta ko akwai kayan haya a ciki. Ta ce babu, domin a saninta komai nasu ne. Da suka sauka ɗakin ƙasa, sai ya nuna mata wata takarda da aka manna a jikin tankin ruwan zafi da wata a jikin na'urar ɗumama gida, kowace da sunan kamfani da lambar waya. Ashe duka biyun haya ne, kuma kowane wata ana cire kuɗinsu daga asusun marigayi. Ta kira kamfanin da ya ba da na'urar ɗumamar, ta ce su zo su ɗauki kayansu. Suka ce ba a haka, sai dai ta sayi na'urar baki ɗaya a kan wani farashi da dillalin ya ce ya zarce kuɗin sabuwa har da ladan mai haɗawa, ko kuma wanda zai sayi gidan ya yarda ya ci gaba da biyan hayar. Sun kuma gaya mata cewa sun yi rajistar haƙƙinsu a kan takardar gidan.

A nan gida kawunanmu sun rabu. Kawunmu ya ce a haɗa kuɗi a biya su, kada a bar mamaci da bashi a wuyansa. Ni kuwa zuciyata ta fi karkata ga ta rufe asusun, ta kira mai gyara ya kwance musu kayansu ya ajiye a waje. Mene ne daidai a dokar can, kuma mene ne daidai a shari'a?

Alhaji Mai Tasi, Nima, Accra

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan marigayi, ya ba ku haƙurin rashi. Na yi shekaru ina tuƙi a Toronto kafin na dawo gida, kuma na zauna a gidan da tankinsa na haya ne, saboda haka bari na fara da abin da ya fi gaggawa: ka cire batun kwance na'urar nan daga ranka. Sanyin can ba irin hunturunmu ba ne da mutum zai ƙara bargo ya kwana lafiya. A watan Janairu da Fabrairu ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da sifili kwana da kwanaki, kuma gidan da aka bari babu ɗumi ruwan da ke cikin bututunsa yakan daskare, ya kumbura, ya fasa bututun a cikin bango. Ranar da ƙanƙarar ta narke sai ruwa ya malale gidan, asarar kuma ta fi kuɗin da ake jayayya a kai nesa ba kusa ba. Ga yara a gidan, ga mace mai takaba da ba ta da inda za ta koma. Bayan haka na'urar da iskar gas take aiki, kuma a Ontariyo ba a yarda wanda ba shi da lasisi ya taɓa irin wannan aiki ba.

Hayar tankin ruwan zafi tsohuwar al'ada ce a wannan lardi, har mutum yakan sayi sabon gida ya tarar magini ya riga ya ƙulla masa ita a cikin takardun ciniki. Rigimar fita daga cikinta ma tsohuwa ce. A watan Disamba na 2012 hukumar da ke kula da gasar kasuwanci ta Kanada ta kai manyan kamfanoni biyu ƙara saboda yadda suke wahalar da masu son mayar da tanki, daga baya ɗaya ya biya tarar dala miliyan 5 a 2014, ɗayan kuma dala miliyan 1 a 2015. Na kawo wannan ne domin yayarka ta san cewa maganar da aka gaya mata a waya ba ita ce ƙarshen zance ba.

Abin da zai raba gardama shi ne takardar yarjejeniyar kanta: ranar da aka sa hannu, wanda ya sa hannun, da yadda aka yi kamfanin ya shigo gidan. Daga ranar 1 ga Maris 2018, gwamnatin Ontariyo ta hana 'yan talla bin gida-gida suna ƙulla cinikin na'urar ɗumama gida, da tankin ruwan zafi, da na'urar sanyaya ɗaki, da makamantansu, sai idan mai gida ne da kansa ya fara kiransu don wannan buƙata. Yarjejeniyar da aka ƙulla ta hanyar da aka hana ba ta da inganci, kuma mai gida yana iya riƙe kayan ba tare da wani nauyi a kansa ba. An yi dokar ne saboda masu zuwa da riga mai tambari suna cewa sun zo duba lafiyar na'ura, kafin su fita sun sa dattijo ko baƙon da bai ƙware a Turanci ba ya sa hannu a kan hayar shekara goma ko fiye. Ta tuna da kyau, shin marigayi ne ya neme su, ko su ne suka ƙwanƙwasa ƙofa?

Batun rajista a kan takardar gida kuwa, kada ya tsorata ta. Shekaru da dama kamfanoni sun riƙa amfani da wannan rajista suna matsa wa mutane a daidai lokacin da suke son sayar da gida, domin sun san mai saye ba zai karɓi gida da sunan wani a maƙale a takardarsa ba. A watan Yuni na 2024 majalisar lardin ta hana yin irin wannan rajista a kan kayan amfanin gida, ta kuma ɗauki waɗanda aka riga aka yi a matsayin waɗanda wa'adinsu ya ƙare. Lauyan da zai rubuta cinikin gidan zai iya neman a goge ta. Sai dai a fahimta, faɗuwar rajistar ba ta kashe yarjejeniyar ba, idan tun asali ingantacciya ce.

Hajiya 'Yar Kasuwa, Asawase, Kumasi

Allah ya sa ya huta, ƙanena, ka miƙa mana gaisuwar ta'aziyya ga yayarka. Ni ban san Kanada ba, amma na daɗe ina ɗaukar firij da injin niƙa a kan biyan kaɗan-kaɗan, kuma ina ganin inda mutanenmu suke ruɗewa. Mu a nan mun saba da cinikin da idan ka gama biya kaya ya zama naka, har ma dokar Ghana ta 1974 a kan irin wannan ciniki ta hana mai kaya zuwa ya ƙwace shi ba tare da umarnin kotu ba matuƙar ka biya rabin kuɗin. Shi ya sa da zarar mun ji an shekara da shekaru ana biya, sai mu ce ai tuni kuɗin kaya ya fita. Haya zalla ba haka take ba. Wanda ya yi shekara ashirin yana biyan kuɗin rumfa a kasuwar Kejetia bai mallaki ko ƙusa ɗaya a jikinta ba. Don haka ku duba takardar ku ga wanne aka rubuta, haya ce kawai ko haya ce da ke ƙarewa da mallaka, kuma ku nemi jadawalin farashin saye, domin ya kamata kuɗin ya riƙa raguwa yadda na'urar take tsufa.

Ina kuma goyon bayan kawunku ta fuska ɗaya. Mace mai takaba, a ƙasar da ba dangi kusa, ba ta da ƙarfin ja-in-ja da kamfani wata da watanni. Idan bambancin kuɗin ba mai yawa ba ne, a cire shi daga kuɗin gidan ranar ciniki, ta samu ta dawo gida hankalinta kwance.

Malamin Makaranta, Madina, Accra

Allah ya gafarta wa mamaci, ya albarkaci abin da ya bari. Tsoron da kawunku yake yi yana da tushe, domin ba a raba gado sai an fitar da bashi da wasiyya, kuma sakaci da bashin mamaci abu ne mai nauyi ƙwarai. Amma bashin da ake gaggawar biya shi ne wanda ya tabbata. Da'awar da wani ya yi a waya, ba takarda ba shaida, ba ta zama bashi ba tukuna, kuma tunda akwai marayu a cikin magada, wanda yake riƙe da dukiyar ba shi da ikon ya miƙa ta don kawai a huta da fitina. Kyauta da rangwame mutum yana yin su ne a cikin rabonsa, ba a cikin rabon yaro ba. A nan ne na saɓa da Hajiya, tare da girmama tausayin da ya sa ta faɗi haka.

Game da hayar kanta, a mazhabar Malikiyya da muke bi, haya mai ƙayyadadden wa'adi tana lizimtar ɓangarorin biyu, kuma ba ta warwarewa da mutuwar ɗayansu. Magada ne suke tsayawa a matsayin mamaci. Hanafiyya ne suke ganin mutuwa tana warware ta. Hayar wata-wata kuwa, wadda ba a yanka mata ƙarshe ba, kowane ɓangare yana da damar ya fita daga cikinta, in ban da gwargwadon abin da aka riga aka biya kuɗinsa. Ka ga ke nan fiƙihu ma yana mayar da mu ga tambayar da Alhaji ya yi, wato me aka rubuta, kuma ta yaya aka samu yardar marigayi. Idan ta tabbata cewa an yaudare shi ne, an nuna masa cewa duba na'ura aka zo yi alhali ciniki ake nufi, to yardar da aka samu ta hanyar algus tana ba wanda aka zalunta zaɓin warwarewa, kuma wannan haƙƙi yana komawa ga magadansa.

Kuɗin watannin da gidan ya ci gaba da amfani da na'urar, musamman na tankin da babu jayayya a kansa, wannan a biya shi ba tare da jinkiri ba.

Alhaji Mai Tasi, Nima, Accra

Malam ya tuna mini da abin da na tsallake. Kada ta rufe asusun haka kawai ta yi shiru, domin kamfanin zai miƙa maganar ga masu karɓar bashi, su dame ta da waya da wasiƙu a lokacin da take buƙatar natsuwa. Ta rubuta musu, da taimakon lauya, ta sanar da su rasuwar, ta nemi kofin yarjejeniyar mai sa hannu, da lissafin duk abin da aka biya, da shaidar cewa marigayi ne ya fara kiransu, domin doka ta wajabta musu ajiye wannan shaida. Ta faɗa a cikin wasiƙar cewa duk abin da ta biya daga yanzu ba amincewa da ingancin yarjejeniyar ba ne. Idan sunan marigayi kaɗai ne a takardar, da'awar tana kan dukiyar da ya bari ne, ba a kan aljihunta ba, saboda haka kada ta yarda a waya cewa a mayar da hayar da sunanta kafin lauya ya gani. Idan suka ƙi amsawa, akwai ofishin kare haƙƙin masu saye na gwamnatin lardin, kuma abu na farko da za su tambaye ta shi ne wasiƙar da ta rubuta wa kamfanin.

Shi kuma tankin ruwan zafi, ina ganin mafi sauƙi a bar shi. Takardar cinikin gida da dillalai suke amfani da ita a Ontariyo tana da sashe na musamman da ake jera kayan haya, kuma masu saye sun saba karɓar hayar tanki. Sharaɗin kawai shi ne a rubuta shi a fili tun farko. Wanda ya ɓoye, mai saye yana iya binsa da ƙara bayan an gama ciniki, ko da ya riga ya bar ƙasar.

Ɗan Aboabo, Kumasi

Na gode Alhaji, na gode Hajiya, Allah ya ƙara wa Malam ilimi. Na karanta wa yayata amsoshinku ta waya, kuma ta binciko jakar takardun marigayi. Yarjejeniyoyin biyu ne daban, na kamfanoni biyu. Ta tankin sun gaje ta ne daga wanda ya sayar musu da gidan. Ta na'urar ɗumamar kuwa an sa mata hannu a 2023, sunan marigayi kaɗai ne a kanta, kuma wa'adinta mai tsawo ne. Ta ce tana tuna ranar sarai: samari biyu ne suka zo da yamma da kati rataye a wuya, suka ce ana duba tsofaffin na'urori a unguwar, suka sauka ƙasa da fitilar hannu, suka fito suka ce wa marigayi tsohuwar tana iya fitar da iska mai guba cikin dare alhali yara suna barci. Washegari aka kawo sabuwa aka tafi da tsohuwar. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne a shafi na farko akwai wani gurbi da aka yi wa alama, wanda yake cewa mai gida ne ya gayyaci kamfanin, kuma akwai sa hannun marigayi a ƙarƙashinsa.

Kawu ya yarda a dakata da tara kuɗi har lauya ya ga takardun a mako mai zuwa. Alhaji, wannan gurbin da aka yi wa alama, yana rufe ƙofar ne gaba ɗaya, ko shaidar yayata da ta maƙwabcin da su ma aka ƙwanƙwasa wa ƙofa a wannan yammacin za ta iya tsayawa a gabansa?