Tele na magana amma babu hoto: in gyara ko in haƙura?

Baban Hanifa, Garwa

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, don abin ya ɗaure mini kai. Bara gab da azumi na sayi tele mai intanet, inci 55, 4K, sefa 240,000. Ba ta manyan attajirai ba ce, ba kuma irin ta sayi-ka-yar ba, tsaka-tsaki dai. Sunan kamfanin da na shagon ba zan faɗa ba, kada a ce na ɓata wa wani kasuwa. Yau watanta 14 a gidana.

Daren Asabar muna kallon ƙwallo da yara, sai hoton ya yi ƙifta sau biyu, ya ɗauke. Mai sharhi na ta zuba, ana jin ihun 'yan kallo, allo kuwa baƙi ƙirin. In na kashe na kunna, tambarin kamfanin yakan leƙo kamar daƙiƙa ɗaya ya ɓace. Tun wajen wata biyu da suka wuce na lura kusurwar hagu ta ƙasa ta yi duhu-duhu, farin abu kuma yana komawa shuɗi, har uwargida take tambaya ko masu ɗawafi sun daina sa farin harami ne.

Mai shago ya ce garanti wata 12 ne, ya wuce. Wani yaro mai gyara ya zo gida, ko ƙusa ɗaya bai kwance ba, ya ce allon ya mutu, sai an yi odarsa daga Duwala, 150,000. To in zuba wannan kuɗin, ko in cika in sayi sabuwa? Dama kuma tun tana lafiya ta fara nauyi: ka danna rimot sai ka ƙirga biyar kafin ta amsa, wani lokaci in an dawo da wuta YouTube ya ƙi buɗewa alhali waya na buɗewa.

Mai Gyara, Yelwa

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ba kowa ko dala tukuna. Yau da dare ka kashe fitilar falo, ka kunna telen, ka danna maɓallin da ke fito da jerin saiti, sannan ka kunna tocilan wayarka ka manna ta jikin allon a ɗan karkace. Ka duba da kyau. In ka ga inuwar rubutu ko mutane na motsi can ciki, ka dawo ka gaya mini.

Baban Hanifa, Garwa

Ikon Allah! Ban jira dare ba, na rufe labule na gwada. Wallahi ga mai karanta labarai nan ciki, kamar mutum a cikin rijiya.

Mai Gyara, Yelwa

To alhamdulillahi, allonka lafiyarsa lau. Fitilun baya ne suka ƙone.

Shi allon nan ba ya ba da haske da kansa, hoto kawai yake zanawa. A bayansa akwai sanduna siri-siri, mu muna ce musu baret, kowace da ƙwayayen LED jere a kai. An ɗaura su ne kamar carbi, wuta na bi ta wannan ta shiga wancan. Ƙwaya ɗaya ta yanke, layin duka ya tsaya, katin wuta kuma, wato sashen da ke raba wuta a cikin telen, in ya ji haka sai ya kashe sauran don kare kansa. Shi ya sa tambari ke leƙowa ya gudu. Shuɗin nan da Hajiya ta gani shi ma alama ce: asalin ƙwayar shuɗin haske take bayarwa, wani shafe mai ruwan ɗorawa da ke kanta ne yake mayar da shi fari. In zafi ya cinye shafen, shuɗin sai ya fito fili. Telen ta yi wata biyu tana gaya maka ba ta da lafiya.

Wanda za ka kai wa, ka ce a canza baret ɗin duka, sababbi, masu lambar telenka. Wasu sai su ciro ƙwayar da ta mutu su liƙa wata daga tsohuwar tele, ko su haɗe wurin da waya. Za ta kama, ka biya, ka yi murna, kafin babbar salla ta sake ɗaukewa, domin sauran ƙwayayen duk tare suka tsufa. Ka ce a ba ka tsofaffin a hannunka ka gani. Sannan ka duba teburin mai gyaran. Kafin a kai ga fitilun sai an ɗaga gilashin gaba ɗaya, shi kuwa na inci 55 siriri ne ƙwarai, ga wasu 'yan ribobi a gefensa da in ɗaya ya yage shi ke nan, a lokacin ne allo zai mutu da gaske. Wanda ba shi da babban tebur da mataimaki, kada ka bar masa.

Kuɗin ba zan yanke a nan ba, ya danganta da baret ɗin, amma bai kama ƙafar abin da yaron ya faɗa ba.

Alhaji na Injamena

Duk wannan rashin istabilizate ne, na'urar daidaita ƙarfin wuta. Mu nan wanda ya sa tele a bango bai sa mata istabilizate ba, ya yi sadaka da kuɗinsa. Tawa shekara 4, ga wutar gari, ga gurup, wato janareto, ko tari ba ta taɓa yi ba.

Mai Gyara, Yelwa

Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma wannan ciwon ba na kuran ba ne, wato wutar lantarki. Ka leƙa takardar da ke manne a bayan telenka, yawancinsu za ka ga an rubuta 100 zuwa 240V. Wutarmu 220 ce, ko ta faɗi zuwa 170 telen na jurewa. Abin da kuran ke kashewa katin wuta ne, kuma alamarsa daban: tele ta mutu ɗungurungum, ko jar fitilar gaba ba ta kamawa, babu murya babu komai. Wannan yakan faru ne lokacin da aka dawo da wuta da ƙarfi, ko aka yi ta kawowa ana ɗaukewa a jere. Ka san halin da muke ciki a bazara: madatsar ruwan Lagdo da aka gama ginawa a 1982 ce ke riƙe da arewacin Kamaru, megawat 72 in ruwa ya cika, in Binuwai ta ja baya kuwa sai rabo, duk da tashoshin hasken rana na Gidar da Marwa sun rage zafin abin. Don haka ni abin da nake ba mutane shawara shi ne ƙaramin akwatin nan da ake sokawa a bango, mai yanke wuta in ta yi yawa, ya kuma jira ɗan lokaci kafin ya saki in an dawo da ita. Ya fi arha, kuma aikinsa ke nan.

Fitilu kuwa zafi ke cinsu. Baban Hanifa, tambaya biyu: wane bango ka rataye ta, kuma hasken nawa ka bari?

Baban Hanifa, Garwa

Bangon yamma ne, kuma manne take, hannu ma ba ya shiga bayanta. Haske kuwa ban taɓa taɓawa ba, yadda aka kunna mini a shago haka take. Uwargida kuma ta ɗinka mata riga saboda ƙura, in za a kalla sai a ɗage gaban kawai.

Mai Gyara, Yelwa

Ai ka gama bayani. Bangon yamma a Garwa cikin Afrilu, da la'asar ka ɗora tafin hannunka ka ji, ƙwai ma zai iya soyuwa. Takardar yawancin telen nan cewa take kada zafin ɗaki ya wuce digiri 35 zuwa 40, mu kuwa a inuwa muna haura 40. Ga riga ta toshe ramukan sama inda zafi ke fita. Ga haske a 100, don a shago ana ƙure shi ne saboda ta ɗauki ido. In an gyara, ka shiga saitin hoto ka nemi inda aka rubuta Rétroéclairage, wato hasken baya, ka sauke shi wajen 50 ko 60, ka tabbatar kuma ba a Mode magasin, wato saitin shago, take ba. Kwana biyu idonka zai saba. Rigar Hajiya ba laifi, amma a cire ta gaba ɗaya kafin a kunna, a mayar bayan telen ta huce.

Alhaji na Injamena

To na ji. Amma ni dai istabilizate ɗina na nan, ba na cirewa.

Maman Abba, Marwa

Baban Hanifa, ka gode Allah naka mai sauƙi ne. Ni damina ce ta yi mini aika-aika. Ana hadari na tashi na zare wayar wuta daga bango, na koma na kwanta da zuciya ɗaya. Aka yi wata tsawa kamar a tsakar gidanmu. Da safe tele ta kama, YouTube na yi, amma dekoda ta mutu, ramin HDMI ɗin da take ciki shi ma ya daina gani, har da na kusa da shi. Mai gyara ya ce ta igiyar parabol, kwanon nan na kama tashoshi, abin ya biyo, ya ratsa dekoda ya shiga tele. Ni ina zan san da wannan? Yanzu da na ga gabas ta haɗa, igiyar parabol nake fara kwancewa kafin in kwashe shanya. Tunda kai ma damina na tafe, na ce bari in faɗa.

Ɗan Jami'a, Ngawundare

Kawu, ni maganar nauyin zan taɓa. Telen tsakiyar nan kuɗin a allo suke zuba shi, ƙwaƙwalwar kuwa ƙarama ce. Da yawa RAM ɗinsu giga 1.5 ko 2 ne, ma'ajiya giga 8, wayar da ke aljihunka ta fi su. Manhajoji kuma kullum ƙara nauyi suke. Ka goge waɗanda ba a amfani da su (na tabbata su Hanifa sun cika ta da wasanni), kuma lokaci-lokaci ka zare ta daga wuta minti ɗaya, don kashewa da rimot barci kawai take yi.

YouTube da ke ƙin buɗewa bayan an dawo da wuta, ka duba kwanan wata. Yawancinsu ba su da batirin agogo, in wuta ta yanke sai su farka a wata shekara can baya, shi kuwa YouTube in agogo bai daidaita ba ba ya yarda ya haɗu. Ka kunna intanet ɗin tukuna kafin telen, ko ka gyara ranar da hannu.

In nauyin ya ishe ka, ba sai ka canza tele ba. Ƙaramin akwatin Google TV da ake sokawa a HDMI ya wadatar, telen ta zama allo kawai. Wata fa'idar kuma: Samsung na aiki da Tizen, LG da webOS, Hisense da yawa VIDAA, waɗannan ba sa karɓar manhajar Android, akwatin kuwa yana karɓa.

Sai forfe, wato kuɗin data. In da wayarka kake raba mata intanet, ka yi hattara: Netflix da kansu sun ce HD na iya cin giga 3 a awa, 4K har giga 7. Tele kuwa in ta ga rezo na da ƙarfi sama take hayewa ba ta tambayarka. A YouTube ka sauke zuwa 720p ko 480p, don wa'azi da labarai ya isa.

Baba Malam, Kuseri

Tsohuwar tele mai ƙusumbin nan tawa shekara 17 tana aiki, in ta yi gardama mari ɗaya a gefe ta dawo hayyacinta. Ku kun sayo wadda ake yi wa fifita.

Mai Shago, Garwa

Baba ka ba ni dariya. Bari in yi magana ta ɓangarenmu, tunda kullum mu ake zagi. Gaskiya ne kaya iri biyu ne a kasuwa. Akwai wanda ya biyo ta wakilin kamfani da takardarsa, akwai wanda ya shigo ta Mubi ko Dubai, garantinsa bakin mai shago ne kawai. Akwai ma na ukun, kwali da tambarin babban kamfani, cikin kuwa wani abu daban. Mai saye ya sa a kunna masa a shago, ya shiga saiti ya ga lambar da telen ta nuna ta yi daidai da ta bayanta da ta kwali. In tambarin na masu Tizen ko webOS ne amma ta buɗe da Android irin na waya, ya ajiye. A sa masa farin hoto da baƙi ya duba tabo. A rubuta masa faktir, wato rasit, da lambar telen da watannin garanti, da hatimi.

Baban Hanifa, laifinka ɗaya. Ka ce duhun ya fara wata biyu da suka wuce. Lissafa ka gani, lokacin kana bakin wata na 12. Da ranar ka ɗauko ta, ko ka turo hoto a waya, da akwai magana.

Baban Hanifa, Garwa

Wannan ta shige ni, Mai Shago. Na ɗauka datti ne, har na sa yaro ya goge da tsumma.

Baban Hanifa, Garwa

Jama'a na dawo da labari. Jiya muka kai ta a bayan mota, a tsaye, an naɗe da bargo ni ina riƙe. A gabana aka buɗe, mutum biyu suka ɗaga gilashin ina ta salati a zuci. Mai gyaran ya miƙo mini tsofaffin baret ɗin: ƙwayaye uku sun yi baƙi kamar an ɗiga musu wutar sigari, na kusa da su duk sun yi launin toka, wata hular roba ma ta faɗo tana yawo a ciki. An sa sababbi duka, kaya da aiki 32,000, ya ba ni wata uku a rubuce. Harami ya koma fari.

Abu ɗaya dai, wani ɗan ƙwaro ko ƙura ya maƙale a ciki wajen sama, in allon ya yi fari ana ganinsa kamar ƙwayar gero. Ya ce in na so a sake buɗewa. Na ce a bar shi, zuciyata ba za ta ɗauki ɗaga gilashin nan sau biyu ba.

Haske yana 55, akwatin jinkirin wuta na saya. Yanzu tana kan tebur jingine, don uwargida ta ce bangon gabas nan hoton aurenmu yake kuma ba mai taɓa shi. Wa ya san inda ake samun ƙarfen ratayewa mai hannu, wanda ke ɗan janyo tele daga jikin bango?