Rumfarmu a taron masoya gem da katun na Samaru: kowa ya faɗi abin da ya gani

Admin, Tudun Wada

Assalamu alaikum 'yan uwa, ya gajiyar Asabar? Ina so duk wanda ya tsaya a rumfarmu a taron nan na masoya gem da katun da zane-zane ya rubuta abin da ya gani da idonsa, ban da labarin an ce ka ce. Masu shirya taron sun ce za su sake yi baɗi, kuma kafin mu ƙara karɓar kuɗi a hannun mambobi gara mu san abin da ya yi amfani da wanda asara ce zalla. Ga waɗanda ba su samu zuwa ba: teburi biyu muka kama, muka kafa bana ta talla, muka kai talabijin da PlayStation 4, sai wayoyi huɗu na aro masu wasannin harbi na Free Fire da Call of Duty Mobile. Burinmu shi ne a san da mu, sababbin mutane su shigo zaurenmu na 'yan gem a WhatsApp. Bismillah.

Mai gyaran waya na PZ

Wa'alaikumus salam Oga Admin. Ni dai abin da na gani, ba bana ce ta kawo mana jama'a ba, soket ne. Da zan fito daga shago na jefa dogon soket mai baki shida da tarin wayoyin caji a jaka, don wayoyinmu na aro kawai. Kafin azahar batirin rabin mutanen ɗakin taron ya yi ja, saboda kowa hoto yake ɗauka da masu shigar jaruman katun. Wani yaro ya zo ya ce, "Yaya don Allah ko minti goma." Na ce sa. Shi ke nan, kamar an yi shela.

To mai jiran caji ba ya tafiya, ba zai bar wayarsa a hannun baƙo ba. Yana tsaye, idonsa na kan talabijin, sai ka miƙa masa hannun gem ka ce taɓa mana kafin ta cika. Akwai wani mai Tecno da fuskarta ta tsage tun daga sama har ƙasa, ya liƙe ta da salatif, babban yatsansa har ya yi kanta a wurin da tsagar take. Da muka ba shi ɗaya daga cikin wayoyinmu ya shiga Free Fire, wallahi sai da mutanenmu biyu suka daina magana suka zuba masa ido. Ashe da wannan fasasshiyar wayar yake bugawa kullum a Palladan, shi kaɗai, bai san akwai masu yi a garin nan ba. Nan take na sa shi a zaure da hannuna. Baɗi a ba ni teburi guda na caji kawai, ku ga aiki.

Ɗan aji uku, ABU Samaru

Ni aka ɗora wa gasar Free Fire, kuma gasar ba ta yiwu ba. Gara a faɗa yadda yake. Da safe da muka gwada, sabis lafiya lau. Da ɗakin ya cika, kowa na tura bidiyo, sai fing ya haura 300. Wanda bai sani ba, wannan lambar ita ce lokacin da motsinka ke ɗauka ya je na'urar kamfanin wasan ya dawo, ana auna shi da ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. In ta yi ƙasa da 100 ana bugawa cikin daɗi. In ta wuce 200, kai kana ganin ka ɓuya bayan katanga, alhali a wurin abokin karawarka tuni ka faɗi. Mun canza layi, mun fita bakin taga, har wani ya ɗaga wayar da ke raba mana intanet sama da hannu. Duk a banza, domin turken sabis ɗaya ne ke ɗauke da mu duka.

Abin da muka shirya shi ne karawar huɗu da huɗu a ɗakin cikin gem ɗin da muka buɗe namu, ba babban fagen nan na mutum 50 ba, amma ko ita ta ƙi. Ƙwallo ce ta rufa mana asiri. PES 2021 a PlayStation ba ta buƙatar intanet in mutum biyu ne ke zaune gefe da gefe. Muka rubuta sunaye a bayan fasta, minti biyar kowane wasa, wanda aka ci ya tashi. Sai ga tsohuwar gardamar nan ta dawo, ta 'yan PES da 'yan FIFA. Konami mai PES ta sauya sunan nata zuwa eFootball tun 2021, EA mai ɗaya wasan kuma ta rabu da sunan FIFA a 2023 ta koma FC, amma a Zariya ba wanda ya bi su. Har yau PES da FIFA ne. Gardamar ma ta tara mana mutane fiye da wasan.

Shawarata: duk abin da za mu nuna a taro, ya zama wanda zai yi ko da babu sabis.

Mai zane, Hanwa

Ni na zana fasta da ƙananan takardun da muka raba, kuma ni na tsince su a ƙasa da yamma, an tattake. Wasu an yi fifita da su. Na taɓa zuwa Comic Con na Legas, irin wannan taron na masoya katun wanda ake yi tun 2012, can ma ban ga takarda na yin wani tasiri ba, ballantana nan. Lambar QR da muka buga a bana ma mutane kaɗan suka haska. Wasu wayarsu ba ta karantawa sai da wata manhaja, wasu tsoro suke ji, sun ce haka ake kwashe wa mutum kuɗi a banki. Ban ga laifinsu ba.

Abin da ya tsayar da mutane a zanen shi ne layi ɗaya da muka sa da Hausa a ƙasa: "In ka isa, zo ka zauna." Sauran rumfunan duk Turanci ne. Na ga mutane na karantawa suna dariya, suna tura abokinsu gaba.

'Yar Kongo

Zan ɗan tsawaita, ku yi haƙuri, domin nawa ganin daban ne.

Mu biyu ne mata a rumfar, ni da Anti mai sayar da zoɓo da ta taimaka mana da rajista. Da farko in mace ta zo wucewa sai ta rage tafiya, ta kalli talabijin, ta kalli cincirindon maza, ta wuce. Ba wanda ya kore ta, amma ba inda za ta tsaya ba tare da an gogi kafaɗarta ba. Sai na ja teburi ɗaya gefe, na sa kujeru uku, na zauna ina buga Call of Duty ni kaɗai. Ba a jima ba wata ta zo ta tsaya a bayana, cikin shigar Sarauniya Amina, da takobin kwali da aka naɗe da takardar azurfa, da rawani a kan hijabinta. Ta ce, "Yaya, dama mata na yi?" Na ce zauna ki gani. Ta jingine takobin a jikin teburi ta karɓi waya. Ashe ta iya, a wayar yayanta take bugawa in ya yi barci.

Daga ita sai ƙawayenta. Amma da na ce su shigo zaure, tambayar farko ita ce, "Lambarmu za ta fito kowa ya gani?" Na ce e, haka WhatsApp yake. Nan fa aka fara kallon juna. Wata ta ce ta taɓa shiga wani guruf na gem, kafin gari ya waye maza sun cika mata waya da sallama da "ina son mu saba". Ban iya yi mata rantsuwa cewa namu ba za a yi ba, tunda ni ma an yi mini a nan, kuma masu yin sun san kansu.

Don haka Oga Admin, in da gaske ake son mata, a buɗe mana ɓangarenmu, mace ta riƙe. Ko a koma Discord ko Telegram inda ake iya ɓoye lamba. Sannan a rubuta doka: wanda ya bi mace ta bayan fage ba da izininta ba, a cire shi. Na karɓi lambobinsu a wayata, na ce ba zan sa su ba sai an gyara.

Ɗan aji uku, ABU Samaru

Discord na cin data, kuma rabin mutanenmu ba su ma san shi ba. Tunda hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a farkon 2025, kowa lissafi yake yi. Telegram dai na yarda.

Malamin firamare, Ƙofar Doka

Ni na fi ku shekaru, shi ya sa kuka tura mini iyaye. Wani dattijo ya zo da ɗansa, yaron na jan hannunsa zuwa wurin talabijin. Ya gaishe ni ya ce, "Malam, tsakaninka da Allah, wannan ba caca ba ce?" Na ce Baba zauna. Na nuna masa takardar sunaye, na ce duba, ba wanda ya biya ko sisi don ya buga, kyautar kuma riga ce da katin data da wani mai shago ya ba mu sadaka. Ya ce to karatu fa? Na ce dokarmu ba a buɗe wasa a daren da gobe akwai makaranta sai ga manya, kuma lokacin salla a tashi. Ya ga shaida, domin da aka kira la'asar mun kashe talabijin ana tsakiyar wasa, duk da ihun da yara suka yi.

Na kuma gaya masa cewa a Riyad ta Saudiyya an yi gasar duniya ta wasannin nan a 2024, da kyautar da ta haura dala miliyan 60, har da Free Fire da PUBG Mobile a ciki. Bai nuna ya damu da dalolin ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne kashe talabijin ɗin. Ya ce shi ma a zamaninsu dara ta hana wasu zuwa gona, ba yau aka fara ba. Ya bar yaron ya buga wasa ɗaya, ya karɓi lambata, ba ta zaure ba.

Ina jan hankalinku: ranar da muka fara karɓar kuɗin shiga gasa muna tarawa muna ba wanda ya ci, ranar ba ni da bakin amsa wa irin wannan dattijon.

Ma'aji, Sabon Gari

Malam, da girmanka, amma bari in faɗi nawa. Kuɗin teburi, bugun bana, man janareta da aka raba mana da maƙwabtan rumfa bayan an ɗauke wuta, kuɗin Keke Napep da ya kai talabijin ya dawo da ita, duk daga aljihun mutum bakwai suka fito. Sauran sun turo addu'a. Ba na cewa a yi caca, Allah ya kiyaye. Amma a nemo hanya: ko kuɗin wata-wata na mambobi wanda ba shi da alaƙa da kyauta, ko a je wa masu shagunan waya da gidajen gem su ɗauki nauyi a sa sunansu a bana. In ba haka ba, baɗi ni ɗan kallo ne.

Malamin firamare, Ƙofar Doka

Wannan na yarda da shi. Kuɗin ƙungiya daban, kuɗin da ake zubawa don a ci daban.

Sabon shiga, Kwangila

Ni a taron na san ku, to bari ku ji daga wanda ke ɗaya gefen teburin. Abokina na raka, shi katun ne ya kai shi. Na tsaya caji, aka ba ni hannu, wani siririn yaro ya zura mini huɗu ba ko ɗaya, kowa na dariya. Abin da ya sa ban yi zuciya ba, da na tashi yaron ya biyo ni ya ce, "Oga kana yawan danna gudu ne, shi ya sa ake ƙwace maka." Ya nuna mini yadda ake tsare gida. A gidan gem na unguwarmu in an ci ka sai dai gori.

Amma da na shiga zaure daren nan, na tashi na tarar da saƙo ya fi ƙarfin karatu, rabi sitika, rabi zancen da sai tsofaffin ciki ke ganewa. Ba wanda ya ce mana sannu da zuwa, ba wanda ya ce ga lokacin da ake bugawa. Mu huɗu muka shiga tare daga unguwarmu, uku sun fita kafin Litinin. Ni ma ina dab da fita sai Mai gyaran waya ya kira ni ya ce tawagarsu ta rasa mutum ɗaya, in zo ƙarfe tara. Da na buga da su sau ɗaya, na ji muryoyinsu, sai na ji ni ma ɗan gida ne. Waɗancan ukun in aka kira su wasa za su dawo, na san su.

Admin, Tudun Wada

Na duba rajista, maganar ɗan Kwangila haka take, da yawa daga cikin waɗanda suka shigo ranar Asabar sun fice. Ga abin da za mu yi tun yanzu, ba sai baɗi ba. Daren Juma'a bayan isha'i na sababbi ne, kowane tsohon mamba ya ɗauki sabo ɗaya a tawagarsa. Ɗan Kwangila, turo mini lambobin mutanenka uku in kira su da kaina. 'Yar Kongo, buɗe ɓangaren mata a Telegram yau, ke ce mai riƙewa, dokar da kika faɗa kuma na rubuta ta a saman zaure. Maganar kuɗin wata-wata sai mun haɗu ido da ido ranar Lahadi a shagon PZ bayan la'asar, Malam da Ma'aji ku zo da shirinku.

Mai gyaran waya na PZ

Allah ya kai mu. Kuma wanda ya tafi da farar wayar cajina mai bakin Type-C ya taho da ita, ta kwastoma ce.