Neman kalmar Hausa: wace irin fatsa ce “fly fishing”?

Mai tambaya, daga Kano:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Kalmar da nake neman mu daidaita a kanta ita ce wadda Turawan Ingila suke kira “fly fishing”, wato kamun kifi da ƙugiyar da ba a sa mata tana ko wani abinci ba, sai dai a ɗaura mata gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaro. Kifin da aka fi nema da ita shi ne tirawut, kifin ruwan sanyi wanda yake galabaita idan zafin ruwa ya haura digiri 20, shi ya sa ba mu da shi a Kogin Kwara ko Tafkin Chadi. Sunan kifin bai dame ni ba, a ara a rubuta shi da bakinmu. Sunan hanyar nake nema.

Kafin a kawo shawara, ya kamata a san yadda aikin yake. Ƙugiyar ba ta da nauyin da za a wurga ta da shi, saboda haka igiyar ce aka yi wa kauri da nauyi, mai sandar yana kaɗa ta gaba da baya kamar bulala har ta miƙe, ta sauke ƙugiyar a hankali a kan ruwa. Inda aikin ya fi wuya shi ne lokacin da kifin yake cin wasu ƙananan ƙwari masu siffar sauro amma ba sa cizo, waɗanda suke ƙyanƙyashewa ko a tsakiyar hunturu, sa'ad da sauran ƙwari suka ɗauke. Tsutsarsu tana girma a cikin laka, sannan ta taso ta maƙale a fatar ruwa tana ƙoƙarin fita daga kwasfarta, kuma a wannan ɗan lokacin ne kifin yake tsayawa daf da saman ruwa, ya ɗaga baki ya tsotse ta, ba abin da za ka gani sai ɗan da'irar da ya bari. Mai fatsa yakan sauka zuwa ƙugiya mai lamba 20 ko 24, domin a lissafinsu idan lamba ta ƙaru ƙugiya ƙanƙancewa take yi, ya ɗaura ta a zaren da kaurinsa bai fi kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Idan igiya ta ja ƙwaron ya fi ruwan sauri ko da kaɗan ne, kifin zai ƙi shi. Kogin San Juwan da ke jihar Niyu Meziko a Amurka, ƙasa da madatsar ruwan Nabaho, ya yi suna da irin wannan kamu.

Amsa daga Gaya, Jamhuriyar Nijar:

Wa alaikumus salam, Malam. A Faransanci ana cewa “pêche à la mouche”, ma'anarsa su da ƙuda, kuma da yake “fly” na Turanci ma ƙuda ne, harsunan biyu sun haɗu a kansa, ina ganin “sun ƙuda” zai wadatar, ga shi gajere ne, ga sauƙin riƙewa.

Mai tambaya:

Na gode, Malam, amma ƙuda ba zai ɗauki wannan kaya ba. A wurin masu wannan sana'a kalmar “fly” ta ƙunshi duk wani ƙwaron da kifi yake ci a ruwa, har da fara da tururuwa idan iska ta jefa su, alhali Bahaushe idan ya ji ƙuda, wanda yake sauka a kan abinci da shara kawai yake gani. Mai karatu zai ɗauka ƙudaje ake kamawa ana soka wa ƙugiya, kuma wannan kishiyar abin da ake yi ne.

Amsa daga Yawuri:

Malam, ni gidan Sarkawa na tashi, kuma gyarana na farko a kan “su” ne. Su ya haɗa komai, da birgi da taru da mali da mamari, kuma wanda ya ji kalmar hankalinsa zai tafi Argungu, ya ga dubban mutane sun faɗa Matan Fada da koma da gora. Mutum ɗaya da sanda ɗaya da ƙugiya ɗaya fatsa yake yi, babu buƙatar a ƙirƙiro masa wani suna. Na biyu kuma, kada a ce “fatsar ƙwaro” kawai a yi shiru, domin mu ma muna soka fara ko gina a ƙugiya mu kama kawara da karfasa, kuma idan aka ce fatsar ƙwaro a bakin kogi wannan za a fahimta. Dole sunan ya nuna cewa ƙwaron ba na Allah ba ne, na hannu ne.

Mai tambaya:

Allah ya ƙara girma, Baba, an karɓi fatsa. Saura abin da zai nuna cewa ƙwaron ɗaurarre ne. Na yi tunanin “ƙwaron roba” na ajiye shi, saboda kifin roba da cokalin ƙarfe mai ƙyalli da ake wurgawa a janyo wata hanya ce dabam, mai sandarta da igiyarta. “Ƙwaron bogi” ya yi kasuwa da yawa, ba zai zauna a littafi ba. Abin da na fi natsuwa da shi shi ne “ƙwaron gashi”, domin Hausa ta haɗa na tsuntsu da na dabba a kalma ɗaya, kuma da su biyun ake ɗaurin: gashin wuyan zakara, da na ɗawisu, da na barewa, da na zomo. Tarihin abin ma yana bayan gashi. Wani marubucin Rum mai suna Eliyan ya bayyana, wajen shekara ta 200 miladiyya, yadda mutanen Masedoniya suke naɗa jan ulu a ƙugiya su ɗaura mata gashin zakara guda biyu, kuma ko da wani Baturen Ingila mai fatsa, Frederic Halford, ya tsara ƙa'idojin ƙwaron da yake yawo a kan ruwa a Kogin Test na kudancin Ingila cikin shekarun 1880, gashin zakara ne yake riƙe ƙwaron kada ya nutse. Gaskiya ne yanzu ana haɗawa da soso da zaren roba, amma har yau gashi ne ginshiƙi. Ina ganin za a iya taƙaitawa a ce “fatsar gashi”.

Amsa daga wata malamar Hausa, Zariya:

Malam, a baki taƙaitawar ta yi, amma a rubuce akwai matsala. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka gashin kai da gashin nama harafinsu ɗaya ne, kuma da yake maganar kifi ake yi, wanda ya karanta “fatsar gashi” zai iya zaton kifin da za a gasa ake kamawa. Idan aka bar ƙwaro a tsakani ruɗanin ya ragu ƙwarai.

Mai tambaya:

Wannan hujja ce mai ƙarfi, Malama, don haka ba za a taƙaita a rubuce ba. Hanyar ita ce fatsar ƙwaron gashi, abin da ake ɗaurawa kuma ƙwaron gashi, wanda yake yawo a kan ruwa a ce na bisa, wanda ake sakewa ƙarƙashin ruwa a ce na nutso. Ƙananan ƙwarin da na fara da su na rubuta su da sauron ruwa mara cizo, kuma tsawon sunan bai gamsar da ni ba. Kalmar za ta yi aiki kusa da gida ma, domin a Kogin Faro na arewacin Kamaru baƙi suna zuwa kama tsage da giwan ruwa da wannan hanya, sai dai ƙwaron gashinsu babba ne, an ɗaura shi ya yi kama da ƙaramin kifi. Baba na Yawuri, ko akwai sunan da Sarkawa suke kiran waɗannan ƙwarin da suke tashi gungu-gungu a bakin ruwa da magariba?