Mutanen Kalinga na ƙasar Filifin: zanen jiki ne kaɗai gadonsu?

Malam Sa'idu, Garwa

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin bayani daga masu sani a kan wata al'umma da ake kira Kalinga a ƙasar Filifin. Hoton wata tsohuwa daga cikinsu ya daɗe yana yawo a Facebook, hannuwanta biyu cike da zane tun daga kafaɗa har wuyan hannu, ana cewa ta haura shekara 100 kuma har yanzu mutane na zuwa daga ƙasashe masu nisa domin ta yi musu irin wannan zane. Abin da ya dame ni shi ne duk inda aka ambaci waɗannan mutane ba a wuce maganar tsohuwar da zanenta, kamar dai al'umma guda ba ta da wani abin da za a san ta da shi sai fatar jikinta. Ina koyar da tarihi, kuma na san yadda baƙi ke zuwa Rumsiki a nan arewacin Kamaru su ɗauki hoton duwatsu su koma ba tare da sun tambayi yadda mutanen wurin, wato Kapsiki, ke rayuwa ba. Saboda haka ina so in san inda ƙasar Kalinga take, da abin da suke ci, da yadda suke zama da maƙwabtansu, da abin da su da kansu suke ɗauka gadon kakanninsu. Allah ya saka wa wanda ya taimaka.

Alhaji Ɗanjuma, Ngaundere

Wa alaikumus salam, Malam. Ƙasarsu tana cikin duwatsun Kodilera a arewacin tsibirin Luzon, kuma lardi ce mai zaman kanta tun 1995, lokacin da aka raba ta da Apayao. Babban garinta Tabuk ne, mutanenta kuwa sun kusa 230,000 a ƙidayar 2020. Kogin Chico ne ya ratsa ta. Manoman shinkafa ne, suna yanka gangaren dutse mataki-mataki, su tare kowane mataki da katangar dutse ko ta ƙasa, su jawo ruwa daga sama ta ƙananan magudanai har ya sauka daga gona zuwa gona. Wanda ya ga gonakin ƙabilar Mafa a wajen Mokolo zai gane aikin, sai dai namu na dawa da gero ne masu jiran damina, nasu kuma ruwa ne kwance a ciki. Yawancinsu Kiristoci ne a yau.

Tsohuwar sunanta Whang-od, daga ƙauyen Buscalan a gundumar Tinglayan, kuma mujallar Vogue ta Filifin ta sa hotonta a bango a Afrilun 2023. Kayan aikinta ƙayar wani irin lemo ce da take ɗaurawa a bakin sandar gora, ta tsoma a kunkunniyar da aka dama da ruwa, sannan ta riƙa ƙwanƙwasa sandar da wani ɗan itace har ƙayar ta shigar da baƙin cikin fata. A da ba kowa ake yi wa ba. Namiji sai ya nuna jarunta a yaƙi kafin a zana masa ƙirji, domin a wancan zamani suna kai wa juna hari har da sare kan abokin gaba, al'adar da ta mutu a hankali bayan zuwan mulkin Amurka. Ga mata kuwa ado ne da alamar girma. Yanzu baƙo ne ke biya a yi masa. Mu dai addininmu ya hana irin wannan zane, amma hakan ba zai hana mu fahimtar abin da yake nufi a wurin masu shi ba.

Malama Hadiza, Marwa

Alhaji ya yi bayani mai kyau, Allah ya ƙara girma. Malam Sa'idu, a ganina amsar tambayarka tana cikin abin da suke kira bodong, wato yarjejeniyar zaman lafiya tsakanin ƙauye da ƙauye, domin ita ce ta riƙe musu ƙasarsu lokacin da aka zo karɓe ta.

Kalinga ba su taɓa samun sarki guda ba, kuma Sifaniyawa, duk da sun mulki Filifin fiye da shekara 300, ba su iya shimfiɗa ikonsu sosai a waɗannan duwatsu ba. Kowace al'umma tana da iyakarta da dattawanta, waɗanda ake kira pangat. Idan al'ummomi biyu suka so zaman lafiya, sai su fara da musayar mashi ko adda, daga baya a taru a yanka dabba, a buga faya-fayan tagulla da suke kira gangsa, a bayyana sharuɗɗa a gaban kowa: inda iyaka take, hukuncin sata, hukuncin rauni da kisa, da haƙƙin baƙon da ya shigo ƙauye ya ci abincinsa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kowane ɓangare yana fitar da mutum guda sananne wanda zai riƙe yarjejeniyar, shi da danginsa. Idan ɗan ƙauyensa ya cuci ɗan wancan ƙauye, shi ne wajibi ya tashi ya hukunta nasa ko ya tabbatar an biya, ba wai ya tsaya kare shi ba. Idan ya rasu, ɗansa ko 'yarsa ke gadar nauyin, sai a sake taro a sabunta alkawarin. Ke nan amanar tana wuyan wani gida da kowa ya sani, kuma akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa idan abu ya ɓaci.

A shekarun 1970, a ƙarƙashin dokar soja da Shugaba Ferdinand Marcos ya kafa a 1972, gwamnati ta shirya gina madatsun ruwa huɗu a kan kogin Chico domin samar da lantarki, da goyon bayan Bankin Duniya. Ruwan zai shanye ƙauyuka da gonakin shinkafa da kaburburan kakanni na Kalinga da maƙwabtansu Bontoc, kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne abin zai shafi mutum kimanin 100,000. Sai dattawan suka ɗauki wannan yarjejeniya da aka saba ƙullawa tsakanin ƙauyuka biyu suka faɗaɗa ta, a 1975 suka ƙulla guda ɗaya da ta haɗa al'ummomi da yawa a kan ƙin aikin, har da hana 'ya'yansu yi wa masu ginin aiki. Mata sun taka rawa babba, domin sun riƙa zuwa suna kwance tantunan masu awon ƙasa. Fitaccen jagoransu shi ne Macli-ing Dulag, pangat na al'ummar Butbut daga ƙauyen Bugnay, wanda aka yi ta ƙoƙarin saye ya ƙi. Da aka ce su nuna takardar mallakar ƙasa, amsarsa ita ce mutum ba ya mallakar abin da zai wanzu bayan mutuwarsa. Ranar 24 ga Afrilu 1980 sojoji suka buɗe wa gidansa wuta da dare suka kashe shi. Kisan ya jawo hankalin duniya, kuma daga ƙarshe aka jingine aikin. Har yau ana tunawa da wannan rana kowace shekara a yankin.

Duk lokacin da na karanta wannan sai in tuna da madatsarmu ta Maga ta 1979, wadda ta rage ambaliyar da makiyaya da masunta na kwarin kogin Logon suka dogara da ita, da kuma ta Lagdo da aka kammala a 1982. Ban ce ba su da amfani ba, lantarkin Garwa shaida ne. Amma ina tambayar kaina ko mutanen da abin ya shafa suna da wata igiya da ta ɗaure su wuri guda har su yi magana da murya ɗaya kafin a fara aiki.

Malam Isiyaku, Kusuri

Malama, na gamsu da yawancin bayaninki, amma ina so in ja hankali kada mu yi wa abin ado fiye da kima, domin mu a nan mun ga yadda irin wannan tsari yake idan ya karye. Inda nauyin laifi ke kan al'umma gaba ɗaya, ramuwa ma tana faɗawa kan al'umma gaba ɗaya. A Kalinga idan yarjejeniya ta tsinke tsakanin ƙauyuka biyu, ɗalibai da ma'aikatan da ke zaune a Tabuk ko birnin Baguio sukan bar karatu da aiki su koma gida, saboda ana iya ramawa a kansu alhali ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Rikicin iyaka tsakanin Butbut, wato mutanen Macli-ing Dulag ɗin nan, da maƙwabtansu na Betwagan ya ɗauki shekaru yana tashi yana kwantawa, kuma an yi asarar rayuka.

A Disambar 2021 rikicin da ya taso a yankin Logon Birni tsakanin makiyaya Larabawan Shuwa da masunta da manoma Musgum a kan ruwa ya iso garin nan, aka ƙone wani sashe na kasuwa, dubban mutane suka tsallaka kogi zuwa Chadi. Na ga mata da jarirai a baya da ƙullin kaya a ka suna jiran kwalekwale, kuma babu ko ɗaya cikinsu da ta san yadda faɗan ya fara. Mu ma muna da lamido da lawan da jauro, muna da sulhu da diyya, kuma an yi zaman sulhu bayan tashin farko da rikicin ya yi a Agustan 2021, amma bai hana na Disamba ba. Abin da nake ganin ya cancanci dattawanmu su duba daga Kalinga abu biyu ne kawai. Na farko, a yi yarjejeniyar tun ana zaman lafiya, a faɗi mashayar dabbobi da wurin kamun kifi dalla-dalla, a kuma riƙa sabunta ta. Na biyu, a ɗora ta a wuyan mutum sananne wanda aikinsa shi ne ya kama nasa idan nasa ne ya yi laifi. Wannan na biyun shi ne mai wuya a wurinmu, domin shugaban da ya miƙa ɗan ƙabilarsa ga hukunci sau da yawa mutanensa sukan ce ya sayar da su.

Malama Hadiza, Marwa

Gaskiyarka, Malam Isiyaku, kuma Allah ya kiyaye sake aukuwar abin da kuka gani. Su ma Kalinga suna muhawara a kan wannan, akwai masu ganin kisan kai kotu ya kamata a kai shi, dattawa su tsaya ga iyaka da ruwa da diyya.

Akwai abu ɗaya da ya rage wanda zai amfani Malam Sa'idu a aji. A 1997 Filifin ta yi dokar haƙƙin 'yan asalin ƙasa, wadda ta amince al'umma ta samu takardar mallakar ƙasar kakanninta a matsayin jama'a, ta kuma wajabta neman yardarsu kafin a yi madatsa ko haƙar ma'adinai a cikinta. Aiwatar da ita na da matsaloli, har yanzu ana ja-in-ja a kan sababbin ayyukan lantarki a kogunan lardin, amma aƙalla suna da abin riƙewa a gaban hukuma. Mu kuwa a Kamaru dokar filaye ta 1974 ta sa duk filin da ba shi da takardar mallaka a cikin filayen ƙasa da gwamnati ke kula da su, ko da kakan kakan mutum ne ya share shi. Idan za ka gabatar wa ɗalibanka wannan darasi, Malam, ina ba da shawarar ka ajiye dokokin nan biyu gefe da gefe, sannan ka tura su su tambayi jauron unguwarsu gonaki nawa ne a yankinsa suke da takarda.