Juncus effusus ciyawa ce ko dangin aya ce?

Ɗalibar Botani:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka min, an ba mu aiki a kan Juncus effusus, wannan tsiron da yake fitowa cunkus a fadama da bakin ruwa. Ni dai kallon ciyawa nake mata, na rubuta Poaceae, malaminmu ya ja min jan biro ya ce in koma in sake dubawa. To ina take? Wata ƙawata kuma ta ce dangin aya ce, kaina ya ɗaure wallahi.

Mai Lura da Tsirrai:
Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ke da ƙawarki duk kun yi kusa amma ba ku faɗa ba. Gidanta daban ne, Juncaceae, ita da Luzula suke ciki. Ciyawa Poaceae ce, aya da kajiji kuma Cyperaceae, dukkansu dai a babban rukunin Poales suka haɗu, shi ya sa kamar ta yi yawa. Masanin tsirrai Linnaeus ne ya raɗa mata sunan a 1753, sunan gidan kuma wani masanin, Jussieu, ne ya raɗa shi a 1789.

Ki ciro kara ɗaya ki murza a yatsu. Nata zagayayye ne sumul, babu gaɓa ko ɗaya daga ƙasa har sama, in kin ɓare shi za ki ga farin ɓargo kamar soso ya cika cikin tam bai yanke ba. Ciyawa kuwa tana da gaɓoɓi kuma yawanci cikinta rami ne. Ita Juncus ɗin, ganye ma kusan babu, sai ɗan kube mai ruwan ƙasa a gindi.

Baba Tsoho:
Ai ni abin da aka koya mana shi ne in karan mai kusurwa uku ne to dangin aya ne, in zagayayye ne Juncus ne, shi kenan an gama.

Mai Lura da Tsirrai:
Baba a gafarce ni, wannan dokar tana cin mutum wani lokaci. Kajiji fa, Cyperus articulatus, karansa zagayayye ne amma ɗan gidan aya ne. Fure ne alƙali. Furen Juncus ƙarami ne amma in aka sa gilashin ƙara girma za a ga 'yan ɓawo 6 a jere kamar tauraro, daga baya ya zama ɗan kwanso mai iri barkatai, su dangin aya kuwa ƙwaya ɗaya tal kowane fure yake bayarwa. Kuma furen wannan Juncus ɗin kamar daga gefen kara yake ɓullowa, alhali a can karan ya ƙare, abin da ya miƙe sama wani ganye ne da ya yi shigar kara.

Ɗalibar Botani:
Ikon Allah! To amma wani tsohon littafi a laburare ya sa ta a rukunin Juncales, ba Poales ba, wanne zan rubuta?

Mai Lura da Tsirrai:
Tsohon tsarin rarraba tsirrai na masani Cronquist ne wannan, da aka fara duba DNA sai sabon tsarin ƙungiyar masana tsirrai ta APG ya mayar da ita Poales. Ki rubuta Poales, ki ambaci tsohon a layi ɗaya, malamai suna son haka. Ki kula kar ki haɗa ta da Juncus inflexus, shi ɓargonsa a yanyanke yake kuma karansa toka-toka ne mai zane.

Ɗalibar Botani:
Na gode Malam, Allah ya ƙara ilimi. Gobe da reza zan je fili.